Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne

A makon jiya na je Roni duba ɗan yayata, na same shi a zaure da hannun dama a rataye a wuya. Saurayi ne ɗan shekara 23, wanda in kaka ta yi har Gwiwa da Babura ake ɗaukarsa kokawa. Wata shida ke nan da ya tafi Abuja aikin gini, inda ya shiga wani wurin horo na jiyu-jitsun Burazil, har ya biya kuɗin shiga gasar da za a yi a ƙarshen wannan wata. Saura mako uku, abokin horonsa ya kama masa hannu ya banƙare gwiwar. Abin da ƙa'ida ta tanada shi ne ya bubbuga ƙasa ko jikin abokin, nan take a sake shi. Bai bubbuga ba. "Kawu," in ji shi, "ni da ake yi wa kiɗa a Roni, in sallama wa wani ɗan siriri?"

Mai karatu, wannan wasa ɗan'uwan kokawa ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Tushensa judon Japan ne, wanda Mitsuyo Maeda ya shiga da shi Burazil a 1914, iyalan Gracie suka raine shi suka ba shi sabuwar kama. Duniya ta farga da shi a watan Nuwamban 1993, lokacin da Royce Gracie ya tilasta wa mutum uku sallamawa a dare ɗaya a birnin Denver na Amurka, alhali sun fi shi nauyi. A dandalinmu, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A can kuwa kayarwa maki biyu ce kacal. Hawa ruwan cikin abokin karawa maki huɗu ne, kuma ana ci gaba da fafatawa a ƙasa har minti biyar ɗin sabon shiga su cika, ko ɗaya ya sallama saboda shaƙa ko murɗiyar gaɓa. Wato inda kokawarmu ta tsaya, nan tasu ta fara.

Saboda haka shirin gasa a wannan wasa ya dogara ne kan abin da ɗan kokawar ƙasar Kazaure ya fi ƙi: yarda a fi ƙarfinsa a gaban mutane. Mai shiri na gaskiya yakan sa kansa da gangan a mummunan matsayi, a danne shi, a shaƙe shi, ya sallama, su sake farawa, har jikinsa ya haddace hanyar kuɓuta. Kowace sallama a wurin horo darasi ne da aka saya da araha. Wanda ya ƙi ta kuwa zai sayi darasin da jijiya ko ƙashi. Hausawa ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ba ina raina jarumtar da muka gada ba ne. Ƙarfin ƙugu da iya tsayuwa da noman damina da dandalin kaka suka ba yaron nan jari ne da yawancin abokan horonsa ba su da shi. Amma jarumta daban, jin kunyar koyo daban. Ina ganin irin wannan kunya a ajina kowace shekara: ɗalibi ya gwammace ya faɗi jarrabawa da ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Akwai kuskure na biyu da ya faɗa mini da bakinsa. Domin ya shiga rukunin marasa nauyi, ya rage shan ruwa, yana gudu da rana sanye da leda. A ƙa'idar babbar hukumar wasan ta duniya, ana auna ɗan wasa da rigar wasansa a jiki dab da karawarsa ta farko, don haka babu lokacin mayar da ruwan da aka zubar. Mutum zai shiga fili da jiri da kasala, ga wahalar da ya ɗora wa ƙodarsa. Mai son rage nauyi sai ya fara watanni kafin ranar, ta hanyar gyara cin abinci, ya kuma sassauta horo mai tsanani a makon ƙarshe domin jiki ya huta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu gasa ta wuce shi, kuɗin shiga sun tafi, kuma hannun da yake ɗaukar bulo ya aiko wa mahaifiyarsa na cefane zai yi makonni a rataye. Da zan taso ya tambaye ni ko ya haƙura da wasan. Na ce masa a'a. In ya warke ya koma, amma ranar farko ya nemi wannan ɗan siririn, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ya kama hannun.

Iyaye da masu horar da matasanmu, ku koya musu sallamawa kafin ku koya musu kayarwa.