Ba A Ƙona Rumbu Don Ɓera

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a rumfunan gyaran waya, tun daga Jega da Maiyama har zuwa nan Aliero. Da zarar kwamfutar hannu ta fara magana ita kaɗai, ko ta ƙi bin yatsa, sai mai gyara ya ce a yi mata filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Ni a ganina wannan gaggawa ɓarna ce, musamman ga makafi da masu raunin gani.

Sau da yawa abin da ake kira lalacewa ba lalacewa ba ce. Na'urorin Android suna da wata manhaja mai suna TalkBack, na Apple kuma suna da VoiceOver, wadda ta shiga iPhone a 2009. Aikinsu shi ne karanta wa makaho abin da ke kan allo. In an kunna su, taɓawa ɗaya zaɓi ce kawai, sai an taɓa sau biyu abu zai buɗe. A Android da yawa, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3 yakan kunna TalkBack ko ya kashe ta. In kuwa manhajar ce ta rikice, a fara kashe na'ura a kunna, a sabunta manhajar, a duba saitinta.

Filashin yakan yi magani, wannan gaskiya ne, amma a dubi tsadarsa. Ɗalibi makaho da sautin darussa yake karatu. Ranar da aka goge na'urarsa ba tare da an kwafi kayansa ba, littattafansa ne aka ƙona, tare da saurin murya da saitin da ya daɗe yana daidaitawa. Ban da haka, tun daga Android 5.1 ta shekarar 2015, na'urar da aka goge takan nemi asusun Google na mai ita. Wanda ya manta kalmar sirri ya koma gida da allo marar amfani.

Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma mai ɗori ba ya yanke ƙafa don targaɗe. Sai ya lalubi inda ciwo yake tukuna. Haka ya kamata mai gyara ya yi: ya bincika, ya kwafi kaya, ya tabbatar da kalmar sirri, ya nemi yardar mai na'ura, sannan ya goge in babu makawa.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta samu sa hannun shugaban ƙasa a Janairun 2019, amma doka ba ta zama a rumfar gyara. Don haka ina kira ga ƙungiyarmu, da yake jami'ar kimiyya da fasaha muke, ta tura ɗaliban kwamfuta su koya wa masu gyara wannan sani kyauta. Allah ya sa mu dace.