Raddi Ga Masu Cewa a Bar Hita Tana Ci Ko Ba Kowa a Gida

Wata magana ta yaɗu tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka da Kanada, wai rage ma'aunin ɗumin gida in za a fita aiki asara ce, domin gas ɗin da za a ƙona wajen sake ɗumama gidan ya fi wanda aka yi tattali. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da madogara.

Hujjarsu ta farko, wai tukunyar ɗumama gida tana shan wahala in an dawo. Sai mu ce: kamfanin gas ba wahala yake caji ba, abin da aka ƙona yake caji. Ana ƙona shi ne kuwa don cike gurbin zafin da ya sulale ta bango da taga da rufi, kuma zafi yana sulalewa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje. Wannan ilmi ne sananne tun zamanin Newton. Ranar da waje ke kan sifiri a ma'aunin Salshiyas, gida mai digiri 21 ya fi mai digiri 16 zubar da zafi, kamar yadda bokiti mai huda ya fi yoyo in ya cika. Gas ɗin da za a ƙona da yamma biyan bashin abin da bango ya saki ne lokacin da yake hucewa, ba ƙari. Sa'o'in da gidan ya yi a sanyaye kuwa riba ce tsantsa.

Ta biyu, wai ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce rage digiri 7 zuwa 10 na ma'aunin Farenhait tsawon awa 8 a kullum yana iya rage har kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi a shekara. Wanda ya taɓa biyan bil ɗin Janairu ba zai raina wannan ba.

Ta uku, wai bututun ruwa zai daskare ya fashe. An ce a rage, ba a ce a kashe ba. Matafiyi ya bar gidan a wajen digiri 13 na ma'aunin Salshiyas.

Inda suke da rabon gaskiya shi ne gidan da ke da famfon zafi, wato na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje. In aka matsa masa ya ɗaga ɗumi da gaggawa, wani irinsa yakan kunna hitar lantarki ta taimako, ita kuma ta cinye ribar. Mai irin wannan ya rage kaɗan. Mai tukunyar gas kuwa, ya rage sosai kafin ya kulle ƙofa.