GARIN NEMAN GIRA: KWALLI A IDON JARIRI

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, tare da iyayenmu tsofaffi waɗanda nake neman afuwarsu tun kafin in fara, domin na san maganar da ke cikin wannan babi ba za ta yi wa wasu daɗi ba. To amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Magana ce a kan kwalli, ko tozali kamar yadda wasu ke kiransa. Duk gidan da aka yi haihuwa, tun daga nan Ruwan Gizo zuwa Talata Mafara, ki zarce Bakura ki gangara Maradun, aikin ɗaya ne. Da an yi wa jariri wanka an shafe shi da mai da hoda, sai a jawo tandu a rambaɗa masa kwalli, ido da gira, wani lokaci har da ɗigo a goshi, alhali ko cibiyarsa ba ta faɗi ba. Ranar suna kuwa in aka miƙo jariri babu kwalli, kafin a ci tuwo 'yan barka sun gama da mai jego, wai ba ta san reno ba, wai boko ya ɓata ta.

In kika tambayi dalili amsa ba ta wuce huɗu: yana ƙara gani, yana wanke dattin ido, yana sa gira ta fito, yana kare yaro daga kambun baka. Ni kuwa na ce duk cikin huɗun nan babu wadda kwalli ke yi. Abin da yake yi daban ne, kuma mu mutanen Zamfara mun fi kowa cancantar mu ji tsoronsa.

Ɗauki dutsen kwallin da ba a daka ba ki duba shi da kyau. Baƙi-baƙi ne mai ƙyalli, kuma in kika ɗora shi a tafin hannu za ki ji nauyinsa ya fi girmansa. Wannan dutse shi masana ma'adinai ke kira galina, kuma daga gare shi ake narko dalma, dalmar nan dai da ke cikin batirin mota. Tsantsar dutsen kusan kashi 86 cikin 100 dalma ce. To shi ake dakawa a tankaɗe a ɗura a tandu, a shimfiɗa a kasuwar Talata kusa da hoda da jan baki, mu saya da kuɗinmu mu kai gida mu zuba a idon ɗan kwana uku.

Kada ki ce zancen marubuciya ne. A shekarar 2011 a birnin Boston na ƙasar Amurka an kai wani jariri ɗan wata shida awon lafiya, iyayensa 'yan Nijeriya ne da ke zaune can. Da aka auna jininsa sai aka tarar da dalma har ma'auni 13, alhali a yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar mataki tun yaro na kan 3.5. Aka bincike gidan ba a ga inda dalma ta fito ba, sai daga baya aka gano kwalli ne da aka sayo masa a Ilori, ana sa masa sau uku zuwa huɗu a mako tun yana da mako biyu a duniya. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce zalla. Rahoton da hukumar ta fitar a 2012 har sunayen namu na Hausa ya ambata, tozali da kwalli. Iyayen yaron nan ba mugunta suka yi ba, so suke ɗansu ya yi kyau ya kuma yi gani, kamar dai ni da ke.

Wataƙila ki ce ai can Amurka ne. To dawo gida. Wa ya manta da 2010? A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Anka kuwa maƙwabciyarmu ce. Yaro zai fara amai, ya yi ta jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba, kafin a ankara an kai shi makwanci. Ashe duwatsun zinariya ne da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe, ita kuwa ƙurar cike take da dalma. A Dareta da 'Yargalma kaɗai, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 suka rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Gaba ɗaya yara sama da 400 aka rasa a jihar nan, dubbai kuma aka yi ta ba su maganin fitar da guba. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai ga share ta ba sai 2013. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

A fahimce ni, ban ce kwalli ne ya kashe yaran Dareta ba, kuma ban ce ɗan abin da ke kan tsinken kwalli ya kai yawan ƙurar zinariya ba. Abin da nake cewa shi ne guba ɗaya ce. Waccan ta shigo da yawa ta kashe a fili kowa ya gani aka yi kuka, wannan kuwa tana shiga kaɗan-kaɗan, ba kuka ba jijjiga, ta yi ɓarnarta a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, komai ƙanƙantarsa. Haba jama'a! Jihar da ta binne 'ya'yanta ɗari huɗu saboda dalma, a ce har yau da hannunmu muke ɗura ta a idon jarirai muna guɗa?

Ta yaya take shiga jiki? Hanya mai sauƙi. Jariri ya ji abu a ido ya murza da hannu, hannun nan kuwa ba shi da wurin zuwa sai baki. Ya yi kuka, hawaye ya kwaso kwallin ya bi 'yar kafar da ke gefen ido ya gangara hanci ya faɗa maƙogwaro. Ya goga fuska a ƙirjin uwa, ya dawo ya kama nono. Cikin yaro kuwa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, in kuma yaron na da ƙarancin jini ko ba ya samun abinci mai gina jiki, abin ya fi haka muni. Daga jini sai ƙwaƙwalwa, a daidai shekarun da take ginuwa. Sakamakon ba ya fitowa ranar suna, sai yaro ya shekara bakwai an kai shi makarantar allo, sa'anninsa sun yi nisa shi yana nan inda yake, an biya masa ya manta, ga rashin natsuwa ga saurin fushi. Sai a ce daƙiƙi ne, a bi shi da bulala, ko a ce iska ce a shiga neman rubutu. Abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa daidai.

Na san abin da inna za ta ce: "Ke ɗiyag ga, mu da shi anka rene mu, mi ya same mu?" Inna, Allah Ya ƙara girma, amma wa ya auna? Wa ya taɓa ɗibar jininku ya duba? Cikin 'ya'ya goma da kika haifa nawa suka tsaya, nawa suka koma, wa ya san dalilin kowanne? Dalma ba ta rubuta sunanta a goshin wanda ta cutar. Tana kawo ƙarancin jini, tana taɓa ƙoda, tana jawo hawan jini bayan an girma, duk kuwa cututtuka ne da muke gani kullum muna cewa haka Allah Ya so. Lallai haka Allah Ya so, amma Shi ne kuma Ya ba mu hankali Ya ce mu kiyaye amanar da Ya danƙa mana.

Wata kuma za ta ce ai sa kwalli sunna ce. Ba na ja da wannan, kuma ni ba malama ba ce. Sai dai kwallin da ya zo a hadisi sunansa Ismid, wanda masana da dama ke cewa dutsen antimoni ne, wani ma'adini daban. To wa ya tabbatar miki abin da ke cikin tandunki Ismid ne? Mai talla? Shi kansa bai sani ba, sari ya yi. Ko wanda alhazai ke kawowa tsaraba bai tsira ba, domin binciken da aka yi a kan kwallin kasuwannin Saudiyya da Oman da Masar da Indiya ya sha tarar da dalma a cikin da yawa daga cikinsu, duk da kyan kwalba da rubutun Larabci a jiki. Amurka ma gaba ɗaya ta hana shigar da kwalli ƙasarta. Ki je ki tambayi malaminki, shin addinin da ya hana cutar da kai da cutar da wani zai ce ki sa wa jinjiri guba da sunan lada?

Sai masu cewa in kwalli ya yi yaji ido ya kawo ruwa, to aiki yake, datti yake fitarwa. 'Yar uwa, in barkono ya faɗa miki a ido ma ai ruwa yake kawowa. Hawayen nan ido ne ke ƙoƙarin korar baƙon da ya shige shi. Allah Ya riga Ya yi wa ido abin wankinsa, duk ƙiftawa ɗaya wanki ne. Gira kuwa gado ce, in ta gidan ubansa mai cika ce za ta cika ko ba a shafa komai ba. Kambun baka kuma addu'a ce maganinsa, ba garin dutse ba.

Ga kuma wata ɓarnar da ido ke iya gani. Tsinke ɗaya ne a gida, uwa ta sa, kishiya ta ara, 'yan mata su zizara, wata ma sai ta lasa da miyau don ya kama, sannan a juyo kan jariri. In apolo ya shigo gidan, ta nan zai zagaye kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da ruwan ƙwantsa mai kauri kamar mugunya a kwanakin farko. Wannan ciwo ne da kan zo daga hanyar haihuwa, kuma yana iya makantar da yaro cikin 'yan kwanaki. Maimakon a ruga asibiti, sai a ce a ƙara kwalli, a tatsa nono a ɗiga, a jira a ga kwana uku. Kwana ukun nan su ne idon yaron. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ke ma mai ciki ba ki fita ba. Dalmar da ta shiga jikin mace ba ta fita da wuri, ƙashi take samu ta ɓuya shekara da shekaru. In ciki ya shiga, jiki ya fara ɗibar sinadarin ƙashi don gina ɗan tayi, sai ta biyo ta dawo jini ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ɗa maras nauyi. Ashe budurwar da ke rangaɗa kwallin dutse safe da yamma tana yi wa ɗanta na fari ajiya ne ba ta sani ba.

To me za a yi? Ba na cewa mace ta zauna fuska fayau kamar mai takaba, kwalliya ai tamu ce. Ga dai abin da nake roƙo.

Na farko, jariri da ƙaramin yaro ba su buƙatar komai a ido. In ƙwantsa ce ta barci, tafasa ruwa ki bari ya huce, ki sa ƙyalle mai tsabta ki goge daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da gefen ƙyallensa. In ido ya yi ja, ya kumbura, ko yana mugunya, ranar nan a tafi asibiti, kada a kwana.

Na biyu, ke babba in za ki yi ado nemi fensirin ido mai lambar NAFDAC, ki ja shi a wajen fatar ido, kuma naki naki ne, ba a aro. Mai ciki da mai shayarwa su yi nesa da kwallin dutse gaba ɗaya. Tandun da ke ɗaki a fitar da shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Na uku, in gani kike so yaronki ya yi, maganin na cikin tukunya: zogale, alayyafo, karas, manja, mangwaro, ƙwai da hanta. Su ke kare yaro daga dundumi. Wake da nono kuma suna taimaka wa jiki ya rage tsotsar dalma.

Na huɗu, in maigida ko ƙanensa na zuwa haƙar zinariya, kada dutse ko ƙurarsa su shigo gida, kada turmin daka ya taɓa shi, kuma ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Ku kuma ungozomomi, bakinku ya fi na likita tasiri a ɗakin mai jego, ku taimaka. Mazaje, ku da kuke sayo kayan barka, ku cire kwalli daga lissafi, in mahaifiyarku ta yi faɗa ku lallashe ta da kanku, kada ku bar matarku ita kaɗai da surukuwa. Hukuma ma muna kira gare ta, yadda take bin jabun magunguna ta leƙa faifan masu kwalli a kasuwanninmu ta ɗiba ta auna, ta gaya wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa.

Ke kuwa amarya mai cikin fari, na san da wuya ki ce a'a a gaban dangin miji. Ki faɗa da ladabi, ki rusuna ki ce likita ya hana. Za su yi magana kwana biyu su gaji, gorin 'yan barka ba ya wuce ranar suna, amma ƙwaƙwalwar ɗanki da ita zai rayu har tsufansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ji ƙan yaran da muka rasa, Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta. Wassalam.