IMANI TSAKANIN MASALLACI DA KASUWA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan imani, abin da kowannenmu yake da'awarsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su auna nasu. A harshen Larabci kalmar imani da amana da aminci duk daga tushe ɗaya suka fito. Mumini shi ne wanda ya gaskata, shi ne kuma wanda jama'a suka amince masa a kan dukiyarsu da rayukansu. Tun kafin a aiko Manzon Allah (S.A.W.) mutanen Makka suke kiransa Al-Aminu saboda riƙon amanarsa.

Rukunan imani shida ne kamar yadda suka zo a hadisin Jibrilu: gaskata Allah, da Mala'ikunsa, da Littattafansa, da Manzanninsa, da Ranar Lahira, da ƙaddara mai daɗi da maras daɗi. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya bayyana a cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, cewa imani yana da mazauni uku, wato harshe da zuciya da gaɓoɓi, yana ƙaruwa da ƙaruwar aiki, yana raguwa da raguwarsa. A aya ta 14 ta Suratul Hujurati kuwa, Allah ya mayar wa Larabawan ƙauye da'awarsu ta imani, domin bai riga ya shiga zukatansu ba. Ashe ke nan faɗa da baki kawai ba ta wadatarwa.

To, mu dubi kanmu a nan Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe. Alhamdu lillahi, masallatanmu a cike suke. Amma da zarar an yi sallama aka koma rumfa, sai ka ga wani yana da mudu biyu, babba na saye, mai lotsattsen gindi na sayarwa. Wani ya zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhun gero, ya rufe baki da mai kyau. Wani ya jera manyan albasa a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, ya haɗa da rantsuwa. Ga shi kuwa Allah ya saukar da sura ta 83, Suratul Muɗaffifina, da narko a kan masu tauye awo, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da aka halaka bayan sun ƙi jin gargaɗin Annabi Shu'aibu a kan mudu da sikeli. Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah ya cusa hannunsa mai albarka a cikin wani tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, sai ya barranta daga duk mai algus.

Ba mu manta da farkon shekarar 2023 ba, lokacin da canjin takardun Naira ya sa kuɗi suka yi wuya a hannun jama'a. Manomi ya kawo hatsinsa yana neman kuɗin magani, wasu masu tsabar kuɗi suka karya masa farashi don sun ga ya ƙuntata. Akwai kuma waɗanda suka saya a kan farashin gaskiya, suka ba maƙwabta bashi ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Dukansu sahu ɗaya suke tsayawa a salla. Wahala ce ta rarrabe su, ta nuna wanda imaninsa ya gangaro daga harshe zuwa hannu.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, kujerar da kuke kai amana ce, albashinku kuwa ladan sa'o'in da kuka yi alkawarin ba jama'a ne. Wanda ya zo ofis da hantsi ya tashi kafin azahar, ko ya danne takardun tsohon ma'aikaci mai jiran fansho sai an ba shi na goro, ko ya karkatar da takin zamani da aka aiko wa talakawa, ya tambayi kansa ina imaninsa da Ranar Hisabi. Buhari da Muslimu sun kawo ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kai masa kome. Duk kyautar da kujera ta jawo, hukuncinta ke nan.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a ƙasarmu. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817, ya keɓe babi a kan saye da sayarwa a cikin Ihya'us Sunna, a cikin Kitabul Farƙi kuma ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka. Gidan sarautar Tambuwal daga ɗansa Muhammadu Buhari ya samo asali. Abin kunya ne mu riƙa alfahari da sunayensu muna barin abin da suka tsaya a kai.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da su fitar da mudu ɗaya sananne, su riƙa zagayawa suna dubawa. Limamai su koyar da hukunce-hukuncen ciniki kamar yadda suke koyar da na alwala. Wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa ya mayar tun yana da rai, domin tuba ba ta cika sai da mayar da haƙƙi, a Lahira kuwa da lada ake biya.

Allah ya ƙara mana imani, ya tsarkake abincinmu daga haram, ya sa mu cika da kalmar shahada, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.