Baiwa Daban, Buri Daban: Kan Samarin Makarantun Mishan da Ke Shigo Mana

Duk shekara idan aka kammala jarrabawar WAEC da NECO, makarantun sakandaren Katolika na maza kan shirya bikin yaye ɗalibai. Da yawa daga cikinsu sukan buga ɗan littafi mai ɗauke da hoton kowane yaro, a ƙarƙashin hoton kuma a sa sunansa, da laƙabin da abokai suka laƙaba masa, da abin da ya fi iyawa, da abin da yake son zama. Wanda duk ya taɓa samun irin wannan littafi a ɗakin aboki ya zauna ya karanta shi a tsanake, zai ga wani abin mamaki. Layin baiwa cike yake da abubuwa kala-kala, amma layin buri kamar mutum ɗaya ne ya cika wa kowa.

Dubi layin baiwa tukuna. Ga wanda ke kaɗa molon coci tun yana aji uku, ba wanda ya koya masa sai kunnensa. Ga sarkin muhawara, wanda ko Fada shugaban makaranta sai ya shirya kafin ya yi gardama da shi. Ga mai buga ƙararrawa, shekara biyu bai taɓa makara da minti ɗaya ba. Ga mai zane, wanda ya mayar da bayan kowane littafin lissafi gidan hotuna. Ga kuma gwanin da kowane ɗakin kwana yake da irinsa: idan janareta ya ƙi tashi shi ake nema, idan lasifikar ɗakin taro ta fara ƙara shi ake kira, kuma shi ne dai wanda aka taɓa kamawa ya haɗa waya da cokali yana dafa ruwan shayi da tsakar dare. To, yanzu koma layin buri: likita, likita, lauya, injiniya, likita, matuƙin jirgin sama, sai ɗaya ko biyu da suka ce Fada. Mai gyaran janaretan nan ma likita ya rubuta, alhali ko allura ba ya son gani.

Wani zai ce, ina ruwanmu mu 'yan Poli da wannan? Ai da ruwanmu har da tsaki, domin bayan JAMB ta raba gardama, wasu daga cikin samarin nan wurinmu suke faɗowa. A 2024 mafi ƙarancin makin da aka tsayar don shiga jami'a 140 ne, na kwalejojin kimiyya da fasaha kuwa 100. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba ya buƙatar a fassara masa wannan, ya riga ya gane cewa ana kallon Poli a matsayin wurin waɗanda suka rasa. Sai ya shigo mana rai a ɓace. Ka tambaye shi kwas ɗinsa, sai ya ce maka, "Ai ni kafin ne, zan sake rubuta JAMB." Haka zai kwashe shekara biyu na ND jikinsa yana ɗakin koyon aiki, zuciyarsa tana bakin ƙofar jami'a. Ra'ayina shi ne wannan asara ce babba, asara gare shi da kuma gare mu, kuma ana iya tare ta.

Kafin a ce na zo kushe makarantun mishan, bari in ba su haƙƙinsu. Tarihinsu a ƙasar nan dogo ne. An buɗe Kwalejin St. Gregory a Legas a 1928, ta Christ the King a Anaca a 1933. A nan Arewa akwai St. John's ta Kaduna, wadda ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, ga St. Joseph's ta Vom da St. Murumba ta Jos. Abin da suka ƙware a kai shi ne sarrafa lokacin yaro: tashi da asuba, addu'a, aji, aikin hannu, wasanni, karatun dare, kowanne da ƙararrawarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sun iya tanƙwarawa. Shi ya sa har iyaye Musulmi da dama suke kai 'ya'yansu, kuma a nan harabar tamu akwai 'yan uwa Musulmi da suka fito daga irin waɗannan makarantu, za su ba ka labari.

Sun kuma iya tono baiwa. Tagwayen nan Peter da Paul Okoye, waɗanda duniya ta sani da P-Square, a St. Murumba suka fara rawa da waƙa a ƙungiyar makaranta. 'Yan ƙwallon Christ the King sun je birnin Dablin a 1977 sun ɗauko kofin duniya na makarantun sakandare. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ko ba ka yarda da ra'ayinsa ba dole ka yarda ya iya magana da rubutu, ƙaramar makarantar horar da limaman coci ta St. Joseph da ke Zariya ce ta rene shi. Ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce bayan an tono baiwar, an goge ta, sai a ce wa yaro wannan abin nishaɗi ne kawai, aikin gaske yana asibiti ko kotu. Ranar ba da kyaututtuka, tsohon ɗalibin da ake gayyatowa ya yi jawabi kusan kullum likita ne ko babban lauya ko ɗan siyasa. Yaushe rabon da a gayyato wanda ke da kamfanin haɗa wutar sola, ko safiyo, ko mai maɗaba'a?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, al'adar cocin Katolika kanta ba ta raina aikin hannu. Waliyyi Yusufu, wanda makarantu da yawa ke ɗauke da sunansa, kafinta ne. Don Bosco, limamin nan na birnin Turin a Italiya da ya rasu a 1888, ya yi suna ne da tara yaran titi yana koya musu ɗinki, da gyaran takalma, da kafinta, da buga littattafai, kuma mabiyansa suna gudanar da makarantun koyon sana'a har a nan Najeriya. Ke nan yaron da ya fito daga makarantar Katolika yana jin kunyar sa rigar aiki mai maiƙo, ba daga koyarwar cocinsa ya ɗauko wannan kunya ba. Daga cikin gari ya ɗauko ta, daga bakin 'yan uwa da maƙwabta masu tambayar "wace jami'a ya samu?"

Na san abin da iyayensu za su ce, kuma suna da hujja. Uba ya biya kuɗin makarantar kwana shekara shida, wataƙila har da sayar da hatsi ko cin bashin adashi, sannan ka ce masa ɗansa ya yi HND? Ya san bambancin da ake nuna wa mai HND da mai digiri a aikin gwamnati da bankuna. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma har gwamnatin wancan lokaci ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma mu ne muka fi kowa jin ɗacinta. Sai dai a duba ɗaya ɓangaren. Kujerun karatun likitanci a jami'o'inmu ƙalilan ne idan aka kwatanta da masu nema. Yaron da ya zauna gida shekara uku yana maimaita JAMB don neman kujerar da tun asali ba shi ya zaɓa wa kansa ba, me ya ci riba? A cikin shekarun nan uku da ya gama ND, ya yi shekarar koyon aiki a masana'anta, yana riƙe da sana'a a hannu. In ma jami'ar yake so, ƙofar shiga kai tsaye zuwa aji biyu a buɗe take ga mai kyakkyawan sakamako.

Don haka ƙannena da kuka shigo bana daga Vom ko Jos ko Kafanchan ko Makurɗi, ga shawarar yayanku. Ku daina zama da ƙafa ɗaya a waje. Kai da kake tayar da janaretan makarantarku, yanzu ga ka a sashen lantarki, an ba ka kayan aiki da malami, me kuma kake nema? A nan ba mai buga maka ƙararrawa, ba Fada da zai zagayo da tocila ƙarfe goma na dare. Mun ga irinku da dama da suka shigo tsaf-tsaf, zangon karatu ɗaya ya watsa su, saboda tarbiyyar tasu ta tsoron bulala ce. Wanda ya mayar da ƙararrawar nan cikin kansa, wallahi ba a kamo shi a aji. Kada kuma ku killace kanku a rukunin tsoffin 'yan makarantarku, kuna kallon waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati a raine. Yaron da ya yi karatu a aji mai mutum ɗari ba malamin lissafi, ya kuma ci jarrabawa ya zo nan, yana da abin da zai koya muku.

Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai, akwai aiki a gabanta. Na ɗaya, a makon karɓar sababbin ɗalibai a raba takarda kowa ya rubuta abin da ya iya, ba kwas ɗinsa kaɗai ba, a miƙa sunayen ga ƙungiyoyin muhawara, wasan kwaikwayo, wasanni da wannan mujalla tamu. Muna kukan rashin masu rubutu da masu zane, alhali suna nan a ɗakunan kwana suna barci. Na biyu, a haɗa tawaga, da 'yan NFCS da 'yan MSSN a ciki, su riƙa ziyartar sakandaren da ke kewaye da mu, na mishan da na gwamnati da na Islamiyya, kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB. Kada a je da dogon jawabi. A je da aikin da 'yan HND biyu suka ƙera da hannunsu, a kunna shi a gaban yara su gani. Na uku, a roƙi hukumar makaranta ta ware rana ɗaya a shekara da 'yan ajin ƙarshe na sakandare za su shigo ɗakunan koyon aikinmu, su taɓa injin, su yi tambaya.

Ba na cewa kowane yaro ya zo Poli. Wanda aka halitta don likitanci ya tafi, Allah ya ba da sa'a, muna buƙatarsa. Abin da nake so shi ne ranar da mai gyaran janareta zai cika layin burinsa, ya rubuta abin da hannunsa ya riga ya faɗa masa, ba tare da ya waiwaya ya ga wa ke dariya ba. Fom ɗin JAMB na baɗi ba zai jira mu ba, don haka Sakataren Harkokin Ilimi na ƙungiya, muna sauraronka a zaman majalisa mai zuwa.