LAFIYA UWAR JIKI: Bayan An Sa Ƙarfe A Kafaɗa

Jama'a, a wannan wata za mu yi magana a kan iyayenmu da aka yi wa aikin sauya gaɓar kafaɗa, ko a nan Ankara aka yi, ko kuwa 'ya'yansu ne suka kai su Indiya ko Ingila. Aikin ya daɗe a duniya, domin tun 1893 wani likita a Faransa, Jules Péan, ya fara yin sa. Likita yakan cire kan ƙashin dantse da ya lalace, ya sa na ƙarfe, yawanci mai sanda da ke shiga cikin ɓargo.

Ƙarfe ba ya lanƙwasa kamar ƙashi. Idan tsoho ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu, nauyin yakan taru a inda sandar ta ƙare, sai ƙashin ya karye a wurin. Gyaran irin wannan karaya ya fi aikin farko wuya da tsada. Mata da suka daina al'ada su ne suka fi shiga haɗari, saboda ƙashinsu ya yi rauni.

Mu kuwa mun san lungunanmu. A Nima da Maamobi akwai kwata da tsallake-tsallake, a Old Fadama kuma da zarar Odaw ta cika sai ko'ina ya zama laka. Saboda haka mu zuba yashi ko mu sa katako a ƙofar ɗaki, mu sa fitila a hanyar bayi, mu sa wa tsoho kujera a wurin wanka, mu kuma raba shi da silifa mai santsi. Kada a bar shi ya ɗauki bokitin ruwa ko ya ɗora kaya a ka. Wajen shiga trotro ma, kada kowa ya ja shi ta wannan hannun.

Likitoci sukan ce a rataye hannun mako huɗu zuwa shida. A lokacin, yin salla a zaune ya fi masa, don tashi daga sujada da dafa ƙasa yana ɗora wa kafaɗa nauyi. A riƙa ba shi wagashi, da nono, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ya kuma sha hantsi kullum.

Muna girmama masu ɗorinmu, amma kafaɗar da ke da ƙarfe a ciki ba ta ɗori ba ce, ja da murɗa za su ƙara ɓarna ne. Idan ya faɗi, ko ciwo sabo ya taso, ko hannun ya kumbura, a rataye hannun a kai shi Korle Bu ko asibitin soja na 37 a ɗauki hoton ƙashi a ranar. A tafi da katin inshorar lafiya da takardun aikin da aka yi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai wata mai zuwa.