Wa Ya San Gona, Mai Fartanya Ko Mai Sikeli?

Ran nan wani baƙo ya zo makarantarmu cikin mota, da 'yan buhunan iri da takardu masu zane, aka tara masa yara a gindin darbejiya ya yi musu lacca. Ba za mu faɗi sunan kamfanin da ya aiko shi ba, don shi ɗan aike ne. Magana guda ce ta tsaya mana a rai. Ya ce wai noman iyayensu noman jahilci ne, in ana so ƙasa ta ƙoshi sai manomi ya saki abin da ya gada, ya kama abin da Gwamnati da kamfani suka zaɓa masa. Yara suka yi tafi. Mu kuwa malamai muka yi shiru don kunyar baƙo. To, yau kunya ta ƙare, ga amsarmu.

Ya ku 'yan makaranta, ku fara da abin da idonku ya ke gani. In kun fito daga birni kuka nufi Bichi, ko Dambatta, ko Minjibir, ina kuka ga daji? Gona na jikin gona, gida na hangen gida. Ƙasar jigawa ce, damina gajeriya, ga jama'a jingim, ba wurin barin saura. Duk da haka ana noma gona guda kowace shekara tun zamanin kakanni, ba ta mutu ba. Me ya raya ta? Takin awaki da tumaki da a ke tarawa a turke, da toka da shara da jakuna suka riƙa kaiwa cikin mangala. Sai gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina don kada ya yi wa shuka inuwa. Sai haɗa gero da dawa da wake a gona guda, in wannan ya ƙi wancan ya yi, harawa kuma ta koma bakin dabba ta dawo taki. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960, abin da ya rubuta har yau ana karanta shi a jami'o'i. In wannan shi ne jahilci, Allah ya ƙara mana irinsa.

Maganar baƙon nan kuwa tsohuwa ce. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, masu masaƙun Ingila sun sa rai auduga zai riƙa kwaso musu. Manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga masaƙan gida sun fi su sayen auduga da daraja, gyaɗa kuma ta fi kawo kuɗi, ga harawa, ga ta tana gyara ƙasa. Sai ya shuka gyaɗa, ba malamin gona ko ɗaya da ya koya masa. A 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Wannan shi ne mutumin da a ke ce wa bai san abin da ya ke yi ba.

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Ruwa ya ƙi a 1913, aka shiga yunwa mai tsanani a 1914, gundumomin arewa da birni suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Ba gyaɗa ce ta hana ruwan sama ba, Allah ne ya ƙaddara. Sai dai a lokacin haraji ya koma kuɗin Turawa, wanda bai sayar da wani abu ba ba shi da abin biya. Da can mai gida kan cika rumbu ya rufe don baƙar shekara. Da haraji ya matsa, sai sikeli ya riƙa cin rabonsa kafin rumbu.

Wa ke riƙe da sikelin? Kamfanonin Turawa ne. A 1920 kamfanin Lever, masu yin sabulu a Ingila, suka saye kamfanin Neja. A 1929 aka haɗa shi da wani babban kamfani aka sami U.A.C. Manyan kamfanonin nan kan haɗa baki su tsai da kuɗin saye, don kada su yi wa juna tsere. Da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai zube tare da shi ba. A 1949 Gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Aka ce don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwa. Amma shekara da shekaru ana biyansa ƙasa da kuɗin da a ke sayarwa a Turai, ana tara rarar. Gaskiya an yi ayyuka da ita, ba mu musu ba. Tambayarmu ita ce, wa ya shawarci mai gyaɗar? Kun ga hoton dalar gyaɗa a littattafanku, kun yi alfahari. Mu ma mun yi. Amma ba wanda ya ɗauki hoton rumbun wanda ya noma ta.

Fari ya zo a 1973, ciwon kuturtar gyaɗa ya biyo a 1975, dala ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Masu saye suka juya ga wata sana'a. Manomi ya koma ga geronsa da dawarsa da wakensa, irin da ya ɓoye a tukunya, su suka riƙe ransa.

Kada ku ce labarin da ne, ya wuce. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abinci ya yi tsada ƙwarai, talakan birni ya galabaita. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta yafe kuɗin fito na ɗan lokaci ga masu shigo da shinkafa, da masara, da alkama, da wake, har da gero da dawa. Jin ƙan mai jin yunwa wajibi ne, ba mai hankalin da zai ƙi shi. Amma ku duba sharaɗin. Cikin abin da aka gindaya wa mai shigo da shinkafa ko gero ko dawa, sai ya mallaki injin da ke iya sarrafa tan 100 a yini. Wa ke da wannan a Kunci ko Tsanyawa? Watau an buɗe ƙofa, amma sai raƙumi ke iya shiga. A 2025 kuɗin hatsi ya sauko a kasuwanni, takin zamani kuwa bai sauko tare da shi ba. Wanda ya ci bashi ya sayi taki da tsada, ya kai hatsinsa Dawanau da araha, wa ya yafe masa nasa?

Haka kuma maganar iri. Ba mu ƙi ilmi ba, da mun ƙi shi ba mu tsaya gaban allo ba. Masanan Samaru ta Zariya sun fitar da iri masu amfani, madatsun ruwa irin su Tomas da Watari sun ba mutane noman rani. Amma akwai irin da in ka shuka za ka cire na baɗi a cikinsa, akwai kuma iri mai aure, wanda ba ya ba da yabanya sosai sai ka koma kanti kowace shekara. A 2021 an sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri. Madalla. To, ina mai kare haƙƙin tsohuwar da ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta rataye, ita da uwarta da kakarta, har aka sami geron da ya san rairayinmu? Baƙonmu bai gaya wa yara wane iri ya kawo ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wannan laifinmu ne.

Za a ce, ai kamfani ba don sadaka ya zo ba. Haka ne, kuma ba mu zarge shi don ya nemi riba ba, kowane ɗan kasuwa riba ya ke nema. Wanda mu ke tuhuma shi ne mai shari'ar da ya zauna da ɗayan masu ƙara a zaure, ya bar ɗayan a rana. In Gwamnati za ta tsai da dokar abinci, mai inji na da lauya da mota da zai kai shi Abuja. Mai kadada guda ba shi da kowa. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Kada a buɗe iyaka ko a rufe sai an sanar kafin shuka, don manomi ya yi lissafinsa. Taki ya iso kafin ruwan fari, ba bayan an yi maimai ba. Gwamnati ta sayi hatsi da kaka da kuɗi mai kyau, ta fitar da shi tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Duk mai sayar da iri ya faɗa da Hausa ko ana cire na baɗi a cikinsa.

Ku kuwa samari da 'yan mata, gobe ku ne malaman gona, ku ne akawuna, ku ne masu sa hannu. Da kuɗin gero da wake aka saya muku alƙalami. In kun koma gida hutu, ku zauna gaban iyayenku ku tambaye su sunan kowane iri, da ranar shukarsa, da dalilin haɗa shi da wani, ku rubuta. Ran da wani ya kawo muku takarda ku sa hannu a kan abincin jama'a, ku tambaye shi ko an shawarci mai fartanya. In ya ce a'a, ku ajiye alƙalami sai an kira shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu kunnen jin talaka, amin.